Iskar Tayoyin Ghali

"...Lafiya lau, tsoho. Ashe ka tashi? Na ɗauka yau ma sai an yayyafa maka ruwa."

"Na tashi, ja'iri. Wa ya ba ka aron wannan gwangwanin?"

Ghali ke nan da kakansa, Malam Ɗanasabe mai faci, a bakin kasuwar Riruwai. Ni kuwa tun hantsi nake zaune da babur ɗina, taya a kwance, amma da jikan nan ya faka akwalar motarsa sai aka manta da ni gaba ɗaya. Ranar ce samarin gari ke tseren mota bayan girbi, suna zagaye wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Bana ne Ghali zai fara shiga, tsohon kuma ko kaɗan bai so ba.

Ghali ya ce, "Buga min iska, hamsin-hamsin, duka huɗun. So nake su yi tauri kamar goshinka."

"Hamsin? Tirela ka kawo min?"

Tsoho ya ta da inji ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace da sifana yana kasa kunne. Sai ya tsuguna a tayar hagu ya danna bawul, iska ta fara fita.

"Kai, kai! Iska na ce ka ba ni, ba ka sace min ba!"

"Ta hagu na rage."

"Don me? Ka mai da min mota gurguwa, ta riƙa ɗingishi irin naka?"

"Ni da ɗingishin nawa na riga ka zuwa masallaci yau. Ta wane hannu kuke zagaya ramin?"

"Hagu."

"In ka sha kwanar hagu da gudu, nauyin motar ina yake komawa?"

Ghali ya sosa ƙeya. "Dama... Amma wannan ai lissafin mutanen da ne. Kishi kawai ke damun ka. Ka san in na ci tseren nan, matarka Saudatu gidana za ta tare."

"Ka zo ka ɗauke ta yau, da goronta da mitarta. Har kuɗin mota zan ba ta."

Na yi gyaran murya, na nuna babur ɗina. Ko kallo ban ishe su ba. Wallahi raina ya ɓaci, amma na kasa tashi.

Ghali ya kama tiyon iska zai ƙara da kansa, tsoho ya buge masa hannu.

"Sakar min kaya! Dama talatin da biyar, hagu ashirin da takwas, ko ɗigo ba zan ƙara ba. Kai da ko baro ba ka iya turawa sai ka faɗa kwata!"

"Kowa fa hamsin ya sa, tsoho!"

"Kowa jikana ne? Rana za ta gasa tayar nan, gudu ya ƙara gasa ta. Kafin zagaye na uku hamsin ɗinka ta haura, taya ta yi bindiga a kwanar bakin ruwa. Ka iya iyo?"

"Ban iya ba."

"To ni ma ban iya ba."

Ghali ya ƙaƙalo dariya ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ba inda za ni sai na ci gumbarka, da nono mai kauri."

"Haka nake so. A bi layi, kada ka yi min shigar wuri."

Ya laluba aljihun ciki ya fito da wani ƙaramin geji na awon iska, naɗe cikin tsumma. Shekara ashirin ina kawo faci wurin nan, ban san yana da shi ba.

"Ungo. In ka yi zagayen gwaji, ka tsaya ka auna da zafinsu. In sun hau, ka rage."

"Au, kana da wannan kake ta ƙwanƙwasa min taya kamar mai zaɓen kankana? To na sallama, tsoho, ka fi ni. Na gode da kyauta."

"Wace kyauta? Aro ne. Kafin magariba nake son abina, kuma ban yarda da aike ba. Da hannunka za ka kawo min."

Ghali ya sa gejin a aljihun gaba, ya maɓalle, ya ce, "To, Kaka."