Firizar da Wuƙar Raphael Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙyamar da ta fi baƙin cikin yawa, Mama Ƙauna mai zoɓo, ta Hayin Dogo, Samaru, tana sanar da rasuwar firizarta 'yar Beljiyam, ranar Talata, 14 ga Maris, 2006.

Shekara tara marigayiya tana gurnaninta, "girrr", a bayan ƙofa. Ko wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, tana riƙe da sanyinta. Ita ta ciyar da marayu uku.

Kada mai ta'aziyya ya ce kwana ne ya ƙare. Wuƙa ce. Raphael ɗan haya, mai karatun digiri na biyu, shi ya zo yana Mama kaza Mama kaza, a ajiye masa 'yar kwalba, wai ɗakin bincikensu babu wuta. Wai ruwan cikinta daga Turai ya zo, in an ɗiga wa ƙwayoyin jiki masu rai sai su yi haske kore duk inda wani abu, inzayim ne ko mene ne, yake aiki. Mama ba ta yi boko ba. Ta ɗauka magani ne, ta ce ya ajiye.

Kwalbar ta manne a ƙanƙarar bango. Kowace mai firiza ta san ruwan ɗumi ake zubawa, a jira. Shi wai ɗumi na kashe ruwansa, haske ma haka. Sai ya lulluɓa da bargo da rana tsaka, ya zura kai, yana sara da wuƙar albasa a makance, har ya huda bututun gas ɗinta. Maganar marigayiya ta ƙarshe: "fsss".

Uzodinma mai gyara daga unguwar PZ ya duba, ya ce babu tashi. Wajen wankan gawa, a gaban masu saye, aka ciro ƙunshi daga ƙarƙashin zoɓo: hantar ɓeraye, kowace da lambarta, ta narke tana tsiyaya. Wannan kam Raphael bai taɓa ambata ba. Tun ranar ko ruwa ba wanda ya saya a gidan.

Ta bar kula biyu, da sitabilaiza, da mai ita, wadda aka mayar ƙazama da tsufanta. Raphael ya tsere ƙauyen Bomo da kwalbarsa a fulas, ita lafiyarta lau.

Jana'iza ranar Litinin, ƙarfe takwas na safe. Matan zumuntar coci za su raka gawa a amalanke zuwa ƙofar ofishin malamin Raphael, mai sa hannu a takardar gama karatunsa. Can za ta kwanta a buɗe, hantar na ciki, Mama na zaune gefe, har a kawo sabuwa, Raphael kuma ya tsaya gaban unguwa ya ce ba da saninta ba.

Masu rakiya su taho da abin toshe hanci.