Ranar da Na Afka Kududdufi Neman Sadik

Ba zan taɓa mantawa da damanar bana ba.

Tun da na gama sakandare nake zaune gidan Yaya Binta a wani ƙauye bayan Tofa, ina rainon ɗanta Sadik, ɗan shekara ɗaya da rabi. Bayan gidan akwai kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, ruwan sama ya cika shi taf. Tsoronsa ne ya sa da na ga bidiyo a waya ana koya wa jarirai kwanciya rigingine a kan ruwa, na ce ni ma zan iya (ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba). Kullum sai in cika baho, in tallafi ƙeyarsa ina cewa, "Kalli sama, Sadik." Iyo dai bai koya ba, son ruwa ya koya. Ko buta ya hango sai ya nufe ta.

Ran nan na tafi wanki bakin kududdufin da shi. Ina cikin cuɗa zanin Yaya na waiga inda na zaunar da shi, ba Sadik, sai takalminsa ƙafa ɗaya a bakin ruwa. Ban san lokacin da na afka ba. Ruwa har ƙugu, ina durƙusawa ina laluben laka, ina kiran sunansa. Ina jin kukansa kuwa, amma na rasa ta ina yake fitowa. In na juya gabas sai ya koma yamma.

Gwaggo Mairo maƙwabciyarmu ce ta shigo ruwan ta damƙi hannuna.

"Ke, kar ki sake durƙusawa. Wa kike nema?"

"Sadik, Gwaggo, ya faɗa ciki."

"To na bayan naki ɗan waye? Aro kika yi?"

Ashe ɗazu da ya yi rigima goya shi na yi, ya yi barci, na manta. Ni da kaina na kai shi cikin ruwan, ya jiƙe har ƙirji. Da na ƙara yin ƙasa kaɗan... bari dai, Allah ne ya tsare.

Matan da ke wanki a wurin suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Yaya Binta kuwa da ta iso, ko murmushi ba ta yi ba. Ta karɓi ɗanta ta rungume, ta ce, "Malama, daga yau an rufe makarantar iyo."

Yanzu kam, kafin in tara wa kaina jama'a, sai na fara shafa bayana tukuna.