Yadda Za Ki Sa Mazarƙwailarki a Fim Ba Tare da an Kama 'Yarki Ba

"Umma, in mutum ya yi kisa a cikin fim, 'yan sandan fim ne za su zo kama shi, ko na Makarfi?"

'Yata Lubna ce ta yi mini wannan tambayar, shekararta shida, ina cikin gyara mata hijabin Islamiyya. Na ce babu wanda zai zo. Ta ce, "To ki ajiye mini takalmina kusa da ƙofa dai, ko da za su zo."

A ranar na yanke shawarar rubuta wannan bayani domin ke, 'yar'uwata mai sana'ar gida, ko zoɓo kike yi, ko ƙuliƙuli, ko turaren wuta. Ni ce Maman Lubna, mai Mazarƙwailar Lubna. Ina tabbatar miki, in kika bi matakan nan daki-daki, 'yan fim za su tako har unguwarku, kayanki su fito a kowace waya daga Kudan har Paki. Ba ji na yi ba, a kaina aka yi. Sunan fim ɗin ne kawai ba zan faɗa ba, tallar da suka samu a kaina ta ishe su.

Mataki na ɗaya: Ki san dalilinki

Nawa dalilin guda ne. Na yi rantsuwa Lubna ba za ta ɗauki farantin talla ba. Ni na yi talla, na san zafin rana a tsakar ka, na san bakin mazan tasha. Saboda haka da Baban Lubna ya fara kawo mini mazarƙwaila daga wajen da yayansa yake dafawa a Dandamisa, sai na riƙa yankawa ina ƙullawa a leda, na liƙa takarda mai hoton Lubna tana murmushi, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Hoto ya yi talla, yarinya ta tafi makaranta.

Sai dai hoto ba shi da ƙafa. Inda kika ajiye shi, nan za ki dawo ki same shi. Fim shi ne ƙafarsa.

Mataki na biyu: Ki jawo su garin

Kada ki ɓata lokaci kina yabon garinku. 'Yan fim ba kyan gari suke bi ba. Abu uku suke nema: gida mai get, wajen caji, da shiru. In kuna da gonar rake da za a yi waƙa a ciki, wannan gyara ce.

Ki ɗauki bidiyon get ɗin da gonar, ki tura wa duk wanda ya rubuta "darakta" a gaban sunansa. Ni mutum goma sha ɗaya na tura wa. Bakwai ba su amsa ba. Uku sun ce in turo hotona, na haɗa su da Baban Lubna. Ɗaya, Darakta Bilya, tambaya ɗaya ya yi: "Hajiya, akwai abinci?" Ki riƙe irin wannan, shi ne na gaskiya.

Get ba wuya, kowace unguwa tana da mutum ɗaya da ya gina gida ya koma Kaduna. Shiru ne aiki. Ki bi gida-gida ki roƙi arziki. Ki lallashi mai injin niƙa. Mu har zakarun unguwa muka tattara muka kai gidan surukata hutun mako biyu. Rabin unguwa sun makara zuwa gona, amma sauti ya fita tas.

Mataki na uku: Kada kalmar talla ta fito daga bakinki

Da kin ce talla, darakta zai gyara tsayuwa ya fara zancen kamfani da sa hannu. Ki ce baƙi kika kawo wa abin taɓa baki. Babu mai korar wadda ta zo da faranti.

Da kin shiga, ki lura da wajen da kowa yake daka miki tsawa in kin tsaya. Nan kyamara take kallo. Nan za ki ajiye ledarki, takarda tana fuskantar waje. Ki sa a kan tebur, ki sa a kan talabijin, ki sa a aljihun gaban rigar jarumi, rabi a ciki rabi a waje. Za su cire. Ki mayar. Za su sake cirewa. Ki tuna su aiki suke yi, za su gaji, ke kuwa uwa ce.

Ranar farko Darakta Bilya ya ɗaga ledata daga kan tebur da yatsa biyu ya ce, "Hajiya, nan fa a labarin ofishin manajan banki ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, manajan banki ba ya shan koko?"

Ya dube ni, ya dubi tukunyar dambun da na zo da ita, ya mayar da ledar da hannunsa.

Mataki na huɗu: Ki sasanta da maƙwabta, don su ma ba barci suke yi ba

Kwana biyu ba a yi ba kowa ya gane. Ana ɗaukar wajen soyayya a gonar rake, saurayi ya durƙusa yana rantsuwa, sai ga Mamuda mai faci ya garo taya ta bayansu, lambar wayarsa a rubuce da alli. Aka sake ɗauka, ya sake garowa, wannan karon a hankali don a samu karantawa. Maƙwabciyata Maman Diana kuwa ta ɗaure gorunan zoɓonta a jikin rake kamar nan suka tsiro. Darakta ya jefar da hularsa ya ce wallahi in ya ƙara ganin tayar nan, a ƙafa zai koma Kano.

In abu ya kai haka, ku zauna ku raba 'yan wasan, kowa ya kama nasa. Maman Diana ta ɗauki budurwar, Mamuda ya ɗauki direba. Ni na zaɓi Alhaji, attajirin labarin, don na lura kullum a zaune yake yana tauna wani abu.

Maman Diana ta ja ni gefe ta ce, "Maman Lubna, kin tabbata? Mai kuɗi a fim fa ba ya daɗewa."

Na ɗauka ƙyashi ne. Ki saurari maƙwabciyarki, musamman in ta fi ki kallo.

Mataki na biyar: Ki tambayi abin da zai faru bayan an ci

In za ki manta da duk sauran, kada ki manta da wannan.

Wata safiya Darakta da kansa ya kira ni ya ce, "Hajiya, yau ranarki ce. Kyamara za ta tsaya a kan ledarki ita kaɗai, daƙiƙa goma." Na zaɓo wadda takardarta ta fi kyau, na goge ta da gefen zanina. Uwaisu, wanda yake fitowa a matsayin Alhaji, ya gutsura, ya lumshe ido, ya ce, "Kai! Wannan ta Makarfi ce!" Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Suka fitar da ni waje saboda sauti, suka rufe get. Abin da ya biyo baya ban gani ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar da kashi na sha huɗu ya fito, bayan la'asar, matan unguwa suka cika tsakar gidanmu, muka jingina waya a jikin turmi. Lubna tana kan cinyata. Muka ga direba ya barbaɗa wani gari a cikin ledar. Muka ga Alhaji ya ci, ya yaba, ya kama maƙogwaro, ya faɗi. Sai kyamara ta koma kan takarda. Ga Lubna tana murmushi ba haƙoran gaba, an sa mata wani kiɗa irin na mugaye. Na ƙirga, daƙiƙa goma cif. Darakta bai yi mini ƙarya ba.

Ki sani, mai kallo ba ya tuna wanda ya barbaɗa. Wanda ya yi murmushi yake tunawa. Direban nan har yau gaishe shi ake yi a kasuwa. A Islamiyya kuwa yara suka janye tabarma daga kusa da 'yata, suka sa mata Lubna mai guba. In an tashi tara ta miƙa wa ƙawarta Halima abin da na sa mata a jaka, sai Halima ta ruga tana ihu. Cinikin da ya tsaya bai dame ni ba kamar ranar da na lura yarinyar ta fara rufe bakinta da hijabi in za ta yi dariya. Daga baya ma ta daina dariyar.

Mataki na shida: Ki bi darakta, amma ki fara neman mamacin

Ki yafa babban mayafinki, ki riƙe hannun 'yarki, ki hau mota. Ni a Kudan na same su, suna ɗaukar zaman makokin Alhaji. Mutane sun yi jugum a kan tabarmi, shi kuwa marigayin yana bayan kyamara a kan benci yana shan rake.

Na ce, "Darakta, ka tashi Alhaji."

Ya ce, "Hajiya, Alhaji ya rasu. Mun yi jana'iza a kashi na sha biyar."

Na ce, "Ga shi can yana tofar da ɓawo."

"Labari ne fa, Hajiya. Kowa ya san labari ne."

"To ka zo ka faɗa wa 'yan aji biyu na Islamiyya."

Na jawo Lubna gaban Darakta na ce ta gaida Kawu. Ta durƙusa ta gaishe shi ta cikin hijabi, sannan ta miƙa masa hannuwanta biyu a haɗe ta ce, "Kawu, kada ka ɗaure da ƙarfi."

Darakta ya dubi hannuwan nata. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Nan Uwaisu ya taso da rakensa ya ce, "Darakta, ni ma fa ban ƙi ba. Tun da na mutu ko gaisuwa ba a kira ni an yi mini ba, balle aiki."

Shi ya sa na ce ki fara neman mamacin. Duk duniya babu wanda ya kai shi son a tashe shi.

Saura matsalar kabari. Wannan ki bar musu, aikinsu ne. A tsaye Darakta ya warware ta: ashe filo aka binne, Alhaji dogon suma ya yi, wata tsohuwa ta ɓoye shi a bukkar gonar rake. Ni sharaɗi ɗaya na kafa: abin da ya kwantar da shi, shi zai tashe shi. A kashi na sha tara tsohuwar ta ɓare ledata, ta sa masa ɗan gutsure a baki. Alhaji ya yi atishawa, ya tashi zaune, ya ce, "Ina makullin motata?" Kyamara ta koma kan Lubna, hoton nan dai, murmushin nan dai, amma da kiɗan biki.

Mataki na bakwai: Ki shirya wa nasara

Ba a gaya mini nasara ta fi faɗuwa aiki ba, ni ina gaya miki.

Yanzu kafin in gama shara ana sallama. Wata ta zo saya wa kakarta mai yawan suma. Wani ya zo da rago a baro, wai tun jiya ya ƙi tashi. Mamuda ya ce an kawo masa babura biyu, da ya buɗe tanki mazarƙwaila ya tarar. Duk wanda ya zo ki faɗa masa gaskiya tun daga zaure: ruwan rake ne aka dafa ya daskare, ba magani ba ne. Mai suma a kai shi asibiti, rago a kira likitan dabbobi, mai ciwon suga kuwa ko kallon ledar kada ya yi. Za su gyaɗa kai, su ce a ba su biyu.

Lubna ta dawo da dariyarta, har ta fi ta da. Sai dai kullum jakarta wayam take dawowa, ita kuma da yunwa. Da na tambaye ta sai ta ce, "Umma, yau mutum tara na tasar. Halima sau biyu ta mutu."

Washegari malamarsu, Malama Hajo, ta aiko in zo. Na isa daidai an tashi tara. Rabin aji sun baje a ƙasa, ido a rufe, baki a buɗe. Wani ƙato ɗan aji shida ma ya tsallako ya kwanta a cikinsu. 'Yata tana bi ɗaya bayan ɗaya da jakarta, tana gutsurawa tana sa musu, suna atishawa suna tambayar makullin mota. Da ta kai na ƙarshe, ko ɓurɓushi bai rage mata ba. Ta lashi yatsa ta koma aji.

Malama ta ce, "Maman Lubna, ni ban san me zan rubuta a rajista ba. In na kira suna sai a ce mini bai farfaɗo ba tukuna."

To, matakan ke nan. Na ba ki su tsakani da Allah, amma abin da zai biyo baya babu hannuna. In aka kashe wani da zoɓonki, ko aka tashi wani da ƙuliƙulinki, ko zakarunku suka ƙi dawowa daga hutu, ke da daraktanki ne, kada ki turo mini kowa.

Kuma ke da kike karantawa, in naki yana cikin masu zubewa a gaban 'yata, ki ji da kyau. Daga ranar Asabar abincinta a cikinta zai tafi makaranta. A jaka gorar ruwan randa za ta riƙa ɗauka, mai sanyin gaske, na kuma nuna mata yadda ake sheƙa wa mai suma a fuska. Ki ja wa naki kunne, ko ki haɗo shi da rigar canji.