Ni da Rake a Bayan Ƙyallen Majigi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar majigi ta sauka Bungudu ba, don ita ce ranar da na fito a majigi ba tare da kowa ya ɗauki hotona ba. Lokacin ina saurayi, ina koyon ɗinki a kasuwar Gusau, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin abin da babu ruwana. Keken ɗinkin maigidana ma nakan faki idonsa in kwance in sake ɗaurawa, wani ɗan ƙarfe ya yi saura a hannuna ban san mazauninsa ba.

Ga wanda bai riski zamanin ba, majigi mota ce da ke bin garuruwa. In ta iso sai a kafa sanduna a fili, a ɗaura farin ƙyalle, bayan sallar isha'i a tayar da inji a haska hoto. Mutanen ciki ba a jin maganarsu, sai wani mai bayani ya riƙe lasifika yana faɗa mana abin da suke yi. Da farko a nuna yadda ake shuka auduga layi-layi da yadda ake rufe rijiya, mu daure mu kalla. A ƙarshe ake saka na ban dariya, wanda dominsa kowa ya baro gida.

Abokaina sun fi son wanda ake guje-guje ana faɗawa cikin taɓo. Ni nawa daban ne. Wani Bature ne siriri da ke yawo da agwagwa a cikin doguwar hularsa. Duk inda ya ɗaga hula don ya gai da mutanen kirki, sai agwagwa ta miƙo wuya ita ma ta gaishe su. Shi kuwa ko murmushi ba ya yi, sai ya mayar da hula ya wuce kamar alƙali. Na kalle shi a Gusau, na hau bayan motar gyaɗa na bi shi Tsafe na sake kallo. Dariya kam na sha, amma abin da ya hana ni barci shi ne, ina agwagwar nan take shiga in ya rufe hula? Sai na yanke a raina cewa duk wanda ya zagaya bayan ƙyallen nan, dole ya ga dabarar ta baya. (Kada ku yi mini dariya tun yanzu, da saura.)

To, a Bungudu akwai Hassatu. Ina sonta, ita ma ba ta ƙi ni ba, har kawuna ya kai gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Nomau. Dattijo ne manomi, marar yawan magana, kuma bai ba da amsa ba. Abin da kawai ya ce wa kawu shi ne ya ji an ce yaron ba shi da natsuwa, majigi yake bi gari-gari, saboda haka zai duba. Mai hankali da ya ji haka sai ya zauna Gusau ya riƙe allurarsa. Ni da na ji majigi ya nufi Bungudu sai na ari keke.

Tun kalacin safe ban sa komai a ciki ba. Wajen Furfuri na sayi rake mai kauri, na ce in na isa na sha a natse. Ina isa filin, wa zan gani zaune a tabarmar gaba cikin dattawa in ba Malam Nomau ba. Na yi maza na zura raken cikin riga, na durƙusa daga nesa na gaishe su. Kun dai san mu, ko ruwa mutum ba ya sha a gaban suruki, balle ya zauna yana yagar rake kamar akuya. Ga yunwa tana murɗa ni. Nan dabara ta zo mini: in zagaya bayan ƙyalle, in ga asirin agwagwa, in kuma sha rakena babu idon kowa. Har na ji ina yaba wa kaina.

A bayan babu kowa sai direban motar, can nesa kaɗan, ya ajiye fitilarsa mai famfo a ƙasa yana facin taya. Abin mamaki, hoton yana fitowa ta baya sarai, sai dai wanda ke tafiya dama a gaba, nan hagu yake yi. Da aka sako Baturena, ina jiran in ga ƙeyarsa, sai ga fuskarsa ta dube ni kamar yadda take duban mutanen gaba. Mutum ke nan ba shi da baya sam? Na samu wani dutse tsakanin ƙyallen da fitilar direba na zauna, na zaro rake, ina ɓara ina tunanin wannan al'amari.

Ana cikin haka fim ya tsinke, hasken inji ya ɗauke. Ba sabon abu ba ne, akan jira a liƙa. Na ci gaba da aikina. Sai na ji dariya ta tashi daga gaba, irin wadda ko agwagwar ba ta taɓa samu ba. Na ce ikon Allah, me mutanen nan suke gani ni ban gani ba? Can mai bayani ya gyara murya a lasifika.

"To jama'a, ga wani sabo. Wannan ba daga Ingila aka kawo shi ba, na gida ne. Ya kama. Ya ɓare. Kai, wannan haƙori sai a gaishe shi. Ya tsotse. Ya tofar."

Wallahi har ni na yi dariya, baki cike. Sai da ya ce, "Ya tsaya yana tunani, ga maƙogwaro yana hawa yana sauka," sannan na daina tauna. Na ɗaga ido. Ga wani ƙato baƙi ƙirin ya cika ƙyallen tun daga ƙasa har sama, da dogon wuya, da karkatacciyar hula irin wadda ni kaɗai na ɗinka wa kaina a duk ƙasar Gusau. Na ɗaga rake a hankali, ya ɗaga nasa mai tsawon tabarya. Ashe da hasken inji ya ɗauke, fitilar direba ce ta ɗauki inuwata ta shimfiɗa wa mutanen Bungudu.

Kafin in miƙe yara sun zagayo. Wani ya leƙa fuskata, ya koma da gudu yana shela, "Telan Gusau na! Mai neman Hassatu na!"

Ban san yadda na kai ga keken ba. Kunyar da na ji ranar, da ƙasa ta tsage da na gode mata. Na koma Gusau na duƙa kan ɗinki, ko ƙofar rumfa ba na dubawa. Na tabbata Hassatu ta kuɓuce mini, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Kawu da labari ya iske shi ya dube ni ya ce, "Kai wai mi kaka nema bayan ƙyalle?" Na ce agwagwa. Sai ya sa rigarsa ya nufi Bungudu don ya ba da haƙuri, a rabu lafiya.

Da ya dawo ya zauna, ya sha ruwa, ya bar ni tsugune har ƙafata ta yi tsami. Sannan ya ce Malam Nomau ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ai na ga yaron tun da yaz zo, na ga abin da yab ɓoye cikin riga. Don ni yat tahi baya shi sha. Wanda yaj ji kunyata haka, na ba shi ɗiyata. Amma ka ce mishi shi rage sauri, rake ba ya gudu."

Aka yi biki bayan kaka. Har dattijon nan ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba. Sai dai duk ranar da na kwana Bungudu aka kawo mini tuwo a zaure, nakan ji muryarsa daga cikin gida yana cewa, "A ɗauke mishi hitilar nan, shi ci cikin sutura."

Tun daga ranar, in zan ɓuya wa mutanen da ke gabana, sai na fara waiwayawa na ga abin da ke ci a bayana.