Rasuwar Kulocin Babur ɗin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata cike da baƙin mai, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wani mai babur rasuwar tsohon kulocin babur ɗin mahaifina. Rai ya yi halinsa ranar wata Asabar, mako uku da suka wuce, bayan shekara ashirin da biyu a bakin aiki. Kowa da ajalinsa, amma wannan ajalin ni na riƙe masa sifana.

Marigayin mai sauƙin kai ne. Faifai huɗu ne da sifirin huɗu, suna kwance cikin mai, ba ruwansu da kowa. Da yatsa biyu ake jan hannunsa ya amsa. In an taka giya, ƙas kawai za ka ji, ba ya ƙara kalma a kai. Baba mai gyaran keken ɗinki ne, shekararsa saba'in da ɗaya, kuma kullum safiya marigayin ke fitar da shi da jakar kayan aikinsa zuwa shagunan teloli. Bai taɓa fizgar dattijon ba, bai taɓa kunyata shi a mararraba ba.

Jinyarsa gajeriya ce, kuma in za a faɗi gaskiya ni kaɗai yake yi wa ita. Da yamma nake aron babur ɗin, in ɗora masa tumbina da buhunan abincin kaji, sai mun zo hawan gada ya ce wiii, inji na ihu, taya na tafiyar hawainiya. Ɗan tarin tsufa ne kawai. Amma na ga bidiyo a waya, wani mai gemu yana rantsuwa cewa sifirin mai tauri da faifan tsere su ne magani. Bakanikenmu, wanda ake ce wa Kwalta, ya ja min kunne har sau biyu cewa waɗannan kayan masu gudu ne, ba na dattawa ba. Na ce masa duniya ta ci gaba ta bar shi. Ran da Baba ya tafi duba ƙanwarsa a motar haya, na kwance inji a ƙofar gida na sa sababbin, wai don in ba shi mamaki. Gawar kuwa na zuba ta a leda, na miƙa wa mai sayen tsoffin ƙarafa da ya zo wucewa, har da yi masa godiya.

Ranar Litinin Baba ya hau. Ina laɓe bakin taga, na shirya fuskar karɓar yabo. Ya ja hannun kuloci da yatsa biyu, bai motsa ba. Ya sa huɗu, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya taka giya, babur ya yi tsalle ya mutu. Sau uku ana haka. Sai ya sauka, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na hagu, yana buɗewa yana dunƙulewa. Daga nan ya kira ni ya miƙo min makulli, ya ce haka abin ya fara wa yayansa kafin ya kwanta, ta hannun hagu. Na buɗe baki in faɗa masa, tsoro ya riga ni. Abin da ya fito sannu ne.

Tun ranar Baba bai ƙara fita aiki ba. Likita ya duba shi ya ce lafiyarsa lau, shi kuwa ya ce likitan ta'aziyya yake masa da wuri. Wata mai ɗinki ta yi dakon kekenta har gida, ya ƙi taɓawa, ya ce hannun da ya mutu ba ya shiga abincin mutane. Yini yake a ɗaki yana matsa ƙwallon roba, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Jiya ya ce ranar Laraba zai raba kayan aikinsa ga mabukata, kuma duk wanda ya san Baba ya san in jakar nan ta fita gidan, shi ma ya kama hanya.

Marigayin ya rasu ya bar wayar kuloci, wadda ta tsinke don takaici kwana takwas bayansa. Ya bar giya huɗu marayu, da teloli goma sha ɗaya da kekunansu ke tsallake ɗinki. Ya bar Inna, wadda ke shafa man zafi safe da yamma a hannun da ba abin da ya same shi, tana share hawaye da gefen zane. Ya kuma bar ni, mai neman gira da ya rasa ido.

Ba zama na yi ba. Shago shida na shiga, an ce an daina ƙera irin babur ɗin tun da daɗewa, kuma duk sifirin da aka rantse min na asali ne, tauri gare shi kamar kan jaki. Kwalta ya gwada rage wa sababbin tsawo, abin ya zama gyaran gangar Auzinawa. Na bi sawun mai sayen ƙarafa har filin da suke jibgewa, tsibin ya fi gidanmu tsayi. Kwana biyu ina tono, murfin buta na samo da yanka a tafin hannu.

Saboda haka za a yi jana'iza ba gawa, gobe Talata da ƙarfe goma na safe, a rumfar Kwalta. Kada kowa ya wahalar da kansa da gaisuwa. Mai tsohon babur a bayan ɗaki, don Allah ya kwance ya kawo sifirin huɗu masu laushi, ko sun yi tsatsa ina so. Za a kawo Baba da sha ɗaya, an ce masa wani keken ɗinki zai duba da ido kawai. Ana neman mutum ɗaya mai murya ya karanta masa wannan sanarwa, don ni na gwada sau bakwai harshena ya ƙi. Zan tsaya a gabansa inda sandarsa za ta kai. Mai karatun ya fara da wannan: Baba, hannunka lafiyarsa ƙalau, ɗanka ne ya lalace.