Yadda Za Ka Zama Gwanin Sifaniyanci a Daura Ba Tare da Ka Buɗe Littafi Ba

Kai, matso nan. Na ga kana fama da littafin nahawu har idonka ya yi ja. Ajiye shi! Bi matakan nan nawa, na yi maka alkawari kafin kaka ta shigo za a riƙa nuna ka da baki a majalisa ana cewa ga mai yaren Sifaniya can. Ɗalibina Zakiyyu tela shaida ne.

1. Zaɓi yaren da babu mai kama ka

Turanci ya zama gama-gari. Ka yi tuntuɓe ɗaya, 'yar firamare za ta gyara maka a gaban jama'a. Faransanci kuwa ko kusa kada ka je, ga iyakar Nijar ta Kongolam nan a bakin hanci, direban Damagaram ɗaya ya isa ya tona maka asiri. Sifaniyanci shi ne magana. Wa zai kama ka? Wa ya sani?

2. Makarantarka gidan kallon ƙwallo

Zauna a bencin gaba ka haddace sunayen 'yan wasa. Jera su da sauri, kana kaɗa harshe, kana yarfa hannu kamar an ɓata maka rai. Da 'yan baya huɗu da mai tsaron gida Zakiyyu ya taɓa yi wa wani mai babur faɗa, wallahi sai da mutumin ya ba shi haƙuri.

3. Littafi na hammata ne

Nemi mai kauri a gwanjo, ka matse shi duk inda za ka. In wani mai shisshigi ya ce ka fassara masa layi ɗaya, lumshe ido, ka yi ajiyar zuciya, ka ce, "Ai adabinsu ba ya fassaruwa, sai dai a ji shi a ƙirji." Masu zurfin ilimi ba sa dogon bayani, ka riƙe wannan.

4. Kai yaren wurin zance

Nan ribar take. Zakiyyu ya riƙa zuba wa budurwarsa Fadila sunayen 'yan tsakiya, yana ce mata waƙar bege ce. Yarinya ta yi ta murmushi, har aka sa rana bayan kaka. Sai dai ka sani mahaifinta, Alhaji Ma'aruf dillalin aya, mutum ne da ya sha faɗa a bainar jama'a cewa gara ya ba matalauci 'yarsa da ya ba maƙaryaci.

5. In suruki ya kira ka, fake da kunya

Ashe Turawan Sifaniya kunun aya suke sha kamar ba gobe, ni ina na sani! Wani daga cikinsu ya samu lambar Alhaji, yana son aya mota guda, ga shi Baturen ba ya jin Turanci. Alhaji ya aika a kira Zakiyyu zaure, ya miƙa masa waya, ga fuskar Bature tana ta surutu.

"Zakiyyu, ga mutanenka. Ji mana abin da yake so."

To, nan ake gane ɗalibin kirki. Zakiyyu ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga kan tabarma.

"Baba, ina jin nauyi. Ba zan iya ɗaga murya a gabanka ba."

Ka ji hikima? Alhaji har ya ji daɗi. "Allah Ya yi maka albarka, ɗan mutunci."

6. Kada ka bari surukin ya fita

Wannan matakin na manta ban koya masa ba. Alhaji ya saka takalmi ya ce, "Bari in ba ku wuri. In na dawo daga masallaci ka faɗa mini yadda kuka yi."

Aka bar Zakiyyu da Bature. Ya jero 'yan gaba, ya jero 'yan baya, har da na benci. Bature ya saki baki. Sai ga hannu ya fito daga bayan labule ya karɓe wayar. Fadila ce. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana tunani, amma Bature sai gyaɗa kai yake yi yana dariya, har suka yi sallama.

Da Alhaji ya dawo ta ce, "Baba, an gama, ya ce a loda." Shi ya ɗauka aikin ango ne. Alhaji ya yi ta sa wa Zakiyyu albarka, shi kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ta rako shi ƙofar gida ta ce, "Malam, tun da ka fara zuwa nake koyo a waya, don kada in zauna a gidanka kamar kurma. Tuni na gane 'yan ƙwallo kake jera mini. Baba ba zai ji daga bakina ba. Amma Baturen ya ce ranar ɗaurin aure zai kira ya yi wa ango murna, a gaban kowa."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In kuma ka bi ta shagon Zakiyyu ka tarar keken ɗinki a rufe, ya buɗe littafin hammatar nan yana maimaita gaisuwa kamar ɗan aji ɗaya, yana aika wa Fadila murya tana gyara masa, to wannan ba koyarwata ba ce. Yaron ya lalace, karatu yake yi.