Ranar da Na Gasa Dattawa a Falo

Da na sayi esi, na'urar sanyaya ɗaki mai kashi biyu, na bango da na waje, na rantse injin wajen ba zai kwana a waje ba, don na san ɓarayin unguwarmu Diobu. Na sa aka girke shi bayan kujerar falo, ina jin duk Fatakwal babu mai wayona.

Ranar Juma'a na gayyato dattawan mahauta su sha sanyi, na rufe tagogi, na danna rimot. Na bango yana hura sanyi, na bayan kujera yana huci kamar wutar maƙera. Alhaji Sale, babbanmu, ya cire hula ya sharce gumi.

Ya ce, "Ɗana, kawo yaji ka barbaɗa mana, mun kusa gasuwa."

Injin ya koma waje tuni, amma har yau a mayanka Mai Tukuba ake kirana, kuma ina amsawa.